Amsa ga ɗan'uwan da ake kira aiki a ƙaramin tsibiri kafin Ista

Wa'alaikumus salam ƙanena. Da na karanta abin da ka rubuta sai da gabana ya faɗi, don maganar da mutumin nan ya yi maka ita ce aka yi min, kusan kalma da kalma. Ka ce wani mai gidan abinci a ƙaramin tsibiri ya nemi ka bar Atina, babban birnin Girka, ka je masa a watan Maris ku gyara wuri kafin baƙi su fara zuwa, ɗaki da abinci a kansa, maganar kwantiragi kuma sai kasuwa ta buɗe. Kana tambaya yaya zaman irin wurin yake, ko akwai masallaci, ko mutum zai iya azumi shi kaɗai.

Zama zai yiwu, har ma da daɗi. Amma don girman Allah kada ka taka jirgin nan sai ka ga sunanka ya shiga Ergani, wato rajistar ma'aikata ta ma'aikatar ƙwadago. Ka riƙe wannan ko da ka manta duk sauran abin da zan faɗa.

Ni Tilos na zauna, tsakanin Kos da Rodos, a 2023. Mutanen tsibirin duka ba su kai dubu ɗaya ba, kuma a watan Maris ba ma duka ne ke nan ba, wasu suna Rodos ko Atina suna jiran sanyi ya wuce. Garuruwa biyu ne masu mutane: Livadiya a bakin tashar jirgi, da Megalo Horiyo can sama a jikin dutse. Akwai na uku, Mikro Horiyo, wanda mutanensa suka watse tuntuni, sai kango da awaki. Daga Pireyas, tashar jirgin ruwan Atina, tafiyar ta haura awa 12 a babban jirgi, daga Rodos kuwa wajen awa 2 ne. Idan ka saba ganin hoton tsibiran nan busassu kamar yadda suke a Agusta, za ka sha mamaki. Duwatsu duk kore, furanni ja da rawaya har bakin hanya, ƙananan awaki ko'ina, ƙamshin ganyayyaki yana bin iska. Sai dai dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, kuma ɗakunan da ake bai wa ma'aikata yawanci na zafi ne, ba abin ɗumama ɗaki. Ka tafi da bargonka da rigar sanyi mai kauri, kada ka ji an ce tsibiri ka ɗauka rana ce.

Aikin wannan lokaci ba dafa abinci ba ne tukuna. Shafa farar ƙasa ne a bango da matattakala, fentin kujeru da tagogi, kwashe ciyawar teku da iska ta tara a bakin ruwa, fito da tebura da lema daga sito, wanke firiji. Kowane gida abin da ake yi ke nan kafin Ista, kamar dai yadda ake gyaran gida gab da Sallah. Farar ƙasar tana cin hannu, ka nemi safar roba tun daga Atina.

Abu na farko da za ka koya shi ne gaisuwa. Kowa ka gamu da shi ka ce kalimera, wato ina kwana, ko ya amsa ko bai amsa ba. Tsofaffin da ke zama a gidan shan kofi suna jan carbinsu suna buga tavli, wani wasa mai kama da dara, su ne jaridar gari. Kwanakin farko kallo kawai za su bi ka da shi, kallo mai nauyi, kai kaɗai ne baƙar fata a layin. Ka daure. Wata rana ɗaya zai tambaye ka daga ina kake, ranar da ta biyo baya kowa ya san sunanka da sunan garinku, har da wanda ba ku taɓa magana ba. Ranar da jirgi zai zo ka sauka tasha ko ba ka jiran komai, don gari duka can yake. Kayan miya, magani, tukunyar gas, siminti, wasiƙu, duk a lokacin ake sauke su cikin gaggawa, jirgin ba ya daɗewa. Ka kama wa tsohuwa kwali, ka taya mai shago ɗora buhu a mota. A nan ake sanin mutum.

To bari in gaya maka abin da nawa ya yi min, don har yanzu idan na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwaro. Mutumin nan da kansa ya zo tasha ya tare ni, ya rungume ni, ya ce ni ɗansa ne. Ya karɓi lambar AFM ɗina ta haraji da AMKA ta inshora ya ce akawunsa na Rodos zai shigar da ni. Ɗakin da ya ba ni sito ne a bayan kicin, katifa a kan akwatunan lemo, bango yana tsattsafar da ruwa, da safe tufafina a jiƙe. Ban ce komai ba, aiki na zo yi. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ina kan tsani tun safe har la'asar da bokitin farar ƙasa, bakina a bushe, yana zaune yana shan kofi yana nuna min inda na tsallake. Duk ƙarshen mako in na yi maganar kuɗi sai ya zaro yuro 20 ko 30 ya ce in riƙe, sauran sai baƙi sun zo. In na yi maganar takarda sai ya ce akawu ba shi da lafiya, ko intanet ta lalace, ko ana hutu. A lokacin ne ma gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa yuro 780 daga 1 ga Afrilu, ina ji a talabijin ɗin gidan kofi, ni kuwa ko rabin rabinsa ban gani ba.

Kun san kuɗin Ista da doka ta ce a bai wa ma'aikaci, wanda ake lissafawa da kwanakin da ka yi daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu, kuma ƙarshen wa'adin biyansa Larabar makon Ista ce. Ranar Larabar na same shi cikin ladabi, ni kaɗai da shi, na ce ina so in aika wa mahaifiyata abin Sallah. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce wane ma'aikaci? Ya ce taimakona yake yi, ya ba ni wurin kwana ya ciyar da ni, in ma lissafi ne ni ne da bashinsa. Wallahi ƙanena ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba. Bakin da ya kira ni ɗansa shi ne ya ce min in kwashe kayana kafin dare. Ya san sarai iska ta tashi, hukumar tashar ruwa ta hana jirage fita, babu inda zan je. Ya san ina azumi. Ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu yana kallona ina cusa kaya a jaka, har ya ce in bar takalmin aiki don nasa ne. Takalmin da ya tsage tun kafin ya ba ni. Na fito na zauna a kan dakalin tasha, ruwan teku yana fantsamo min, magariba ta yi, abin da ke hannuna robar ruwa ce da guntun burodi. Mutane suna wucewa zuwa coci, kowa ya san abin da ya faru, don a can kafin ka rufe ƙofa labari ya kai ɗaya ƙauyen. Ba wanda ya je ya ce masa ka yi ba daidai ba. Ko ɗaya. Wannan ɗan kawunsa ne, wancan shi ya riƙe masa ɗa wajen baftisma, waccan surukarsa ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka suke da junansu, kuma kai baƙo dole ka san da haka. Kuɗina har yau suna wurinsa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ga inda abin yake da wuyar bayani. Mutanen nan da suka ƙi buɗe baki, su ne kuma ba su bar ni na kwana a waje ba. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da nake ɗaukar wa tukunyar gas ta turo jikanta ya ja jakata, ta buɗe min ɗakin ɗanta da ke aiki a jirgin ruwa. Ba ta ce uffan game da mutumin ba, sai ta ajiye min kwanon miyar wake da zaitun. Su ma azuminsu suke yi na kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Don haka in azuminka ya haɗu da nasu ka huta da fargabar naman alade: wake ne, da adas, da ganyen daji da mata ke tsinkowa a duwatsu da wuƙa su dafa su zuba man zaitun da lemon tsami, da halawa. Ka dai riƙa tambaya game da dabbar tekun nan mai hannuwa takwas da ake kira octopus, don sau da yawa da giya ake dafa ta. Tsohuwar nan da ta gane lokacin shan ruwana, kullum sai ta leƙa ta ga rana ta faɗa bayan dutse ta ƙwanƙwasa min. Bayan Ista ita ce ta yi magana da wani mai ɗakunan haya, ya ɗauke ni, ya shigar da ni a ranar farko, na gani da idona a manhajar myErgani a wayata.

Makon Ista ka fito a gan ka. Ba sai ka shiga coci ba, ni ban shiga ba, kuma ba wanda ya matsa min. Ranar Juma'a da dare suna zagaya gari da makara da aka lulluɓe da furanni, kowa da kyandir, ƙararrawa tana bugawa a hankali tun da rana. Ka tsaya gefen hanya ka cire hula, ya wadatar. Ranar Asabar ƙarfe 12 na dare kuwa ka shirya kunnenka, don knockout da wuta ake harbawa kamar gari zai tsage. Mu da muka bi ta inda muka bi, ƙarar nan tana iya tayar maka da abin da ka binne, gara ka sani tun da wuri. Ranar Lahadi nama ne ko'ina, na ɗan akuya da ɗan rago, da jajayen ƙwai da ake gwabzawa. Za a kira ka gida fiye da ɗaya. Ni azumi ya hana ni ci da rana, sai aka ƙulle min a takarda, maganar yanka kuma kowa ya san abin da malaminsa ya gaya masa. Idan aka yi mutuwa ma ka je ka tsaya, gari duka ke fita, kuma ana lura da wanda bai zo ba.

Masallaci babu a ƙananan tsibirai. A yankinmu sai Rodos da Kos, inda akwai tsofaffin Musulmi 'yan asalin Turkawa. Masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin tsohon garin Rodos ana salla a cikinsa. Sallar Idi ta 2023 ranar Juma'a 21 ga Afrilu ta kama, can na nufa. Juma'a ta kowane mako kam ka cire rai, jirgi ba zai ba ka ba. Ka sauke manhajar lokutan salla, kuma ka tuna ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, kada sahur ya ruɗe maka. Kaɗaici yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Tarawihi kai kaɗai a ɗaki, ba mai ce maka barka da shan ruwa da harshenka. Ka riƙa kiran 'yan'uwa a nan, don haka aka buɗe zauren.

Af, maganar shara. A Tilos tun ƙarshen 2021 suka shiga tsarin raba shara, har aka kwashe manyan kwandunan titi, gida gida ake bi ana karɓa. Kada ka haɗa roba da ragowar abinci, ran mutane yana ɓaci da gaske. Farauta ma an hana tun 1993, kada ka ga tsuntsaye sun yi yawa ka ɗana tarko. Kowane tsibiri da irin abin da yake alfahari da shi, su nasu ke nan, da injin iska da faifan hasken rana da ke ba su wuta. Ka gano na inda za ka je. Daga Afrilu kuma tsakanin ƙarfe 3 da 5 da rabi na yamma lokacin hutawa ne a doka, ban da buga guduma, ban da waya da ƙarfi a tsakar gida.

In kana shan wani magani kullum, ka saya da yawa. Ƙaramin asibiti ne da likita, babban ciwo sai an kai mutum Rodos, kuma in iska ta tashi sai jirgi mai saukar ungulu. Ka ɓoye kuɗin tikitin komawa da na kwana biyu a wurin da ba ka taɓawa, ko yunwa kake ji. Kada ka miƙa wa kowa asalin takardunka, hoto ya isa. Ensima, wato kwanakin aikin da aka biya maka inshora, da kake ganin ba komai ba ne, da su ake lissafa tallafin hukumar samar da aiki ta DYPA idan hunturu ya zo wurare suka rufe, ni watannin nan na farko sun tafi a banza kamar ban taɓa ɗaga bokiti ba. Kullum ka rubuta awannin da ka yi, ka ɗauki hoton aikin da kwanan wata. Lambar ma'aikatar ƙwadago 1555 ce, kyauta ake kira. Kuma tun kana Atina ka ce ya turo maka bidiyon ɗakin, da albashin a rubuce a saƙo, da ranar hutu. Idan ya fara cewa haba ɗana, ba ka yarda da ni ba ne, to ka tsaya inda kake, akwai masu neman ma'aikata da yawa daga Afrilu, sun fi mu bukata.

Ba ka faɗi sunan tsibirin ba, kuma ba ka ce wace irin takarda ke hannunka ba. Ka turo min ta akwatin sirri. In a yankin Rodos ne akwai waɗanda zan tambaya su bincika min halin mutumin kafin ka sayi tikiti.