Rabin buhun da ƙanenka ya karɓo

Wani mai sayar da albasa a Marwa ya aiko da tambaya. Dillali na binsa buhu 3, sai ƙanensa ya je ya karɓo rabin buhu da sunansa. Da ya yi lissafi ya ga saura 2 da rabi, dillali kuwa ya kafe 3 da rabi ne. Yana so ya san ko cutarsa ake yi, don yana shirin cika mota zuwa Duwala kafin damina.

Alhaji, ajiye maganar Duwala tukuna. Dillali ya fi ka gaskiya. Na san yadda aka yi: ka danna 3 a waya, ka ce ai rabin nan ragi ne, ka cire shi. To ukun fa? Shi ma bashi ne. Ɗan makaranta zai rubuta maka −3 + (−½) = −3½. In kana shakka, raba kowane buhu biyu: rabi 6 ake binka, ga na bakwai ya hau kai. Sai ran da ka biya wani abu sannan a yi zancen cirewa.

Kuma lura, tsakanin lissafinka da nasa buhu guda ne cur. In buhu na jaka 30 na sefa, jaka 30 ke nan ka ɗauka taka ce, har kana ƙirga ta cikin kuɗin mota.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙanen nan ne. Wa ya ba shi izinin karɓar kaya da sunanka? Da dillali bai yi magana ba, yaushe za ka sani? Na zauna da wani mai atamfa a kasuwar Garwa, ɗan yayarsa kan je wurin mai kawo musu kaya ya yanko rabin turmi, yadi 3, ya ce a sa a na kawu. Ba mai rubutawa, wai don rabi ne. Bayan Sallah aka buɗe littafin mai kaya, sai da kawun ya sayar da babur ɗinsa, yaron kuwa ko a jikinsa.

Gobe da safe ka je wurin dillali tare da ƙanen naka, ka faɗa a gabansa cewa ko mudu ɗaya kada a ƙara bayarwa sai an kira ka. Ka sayi littafi, shafi guda na abin da ake binka kawai, rabi da kwata duk su shiga. Rabin buhun nan kuma a cire shi daga kuɗin ƙanen, ko da Hajiya za ta sa baki.