Amsoshin Tambayoyinku: Silek Faɗa Ne Ko Rawa?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wasu samarin ƙabilar Minangkabau sanye da baƙaƙen kaya suna kai wa juna hari, amma ana yi musu kiɗa, jama'a kuma suna kallo cikin annashuwa. Shin wannan faɗa ne ko rawa?

Amsa: Malam, abin da ka gani shi ne silek, wato salon Minangkabau na wasan kare kai da aka fi sani da pencak silat. Mutanen Minangkabau suna zaune ne a lardin Sumatra ta Yamma a ƙasar Indonesiya, wanda babban birninsa shi ne Padang. A asalinsa silek dabarar yaƙi ce ta gaske, sai dai abin da ake nunawa a bukukuwan aure da na naɗin shugabannin gargajiya ƙawataccen ɓangarensa ne, domin malamai ba sa fito da dabarun da ke raunata mutum a bainar jama'a.

Ba za a fahimci matsayinsa ba sai an dubi tsarin rayuwarsu. A wurinsu gida da gonaki suna bin tsatson uwa ne, saboda haka a da yaro namiji idan ya tasa yakan koma kwana a surau, ƙaramin masallacin unguwa, inda yake karatun Alƙur'ani, da dare kuma a koya masa silek. Wannan horo shi ne guzurinsa na merantau, al'adarsu ta barin gida domin neman ilimi ko arziki, kuma ana cusa masa cewa kada ya nemi abokin gaba, amma idan sun haɗu kada ya gudu. A ganina wannan tarbiyya ce ta fi cancantar a kiyaye, fiye da tsalle da juyin da ke burge 'yan kallo.

Salon yana da rassa, ciki har da silek harimau, wanda ake yi ƙasa-ƙasa ana kwaikwayon motsin damisa. Daga silek ne kuma wasan kwaikwayon randai ya ɗauki takunsa, inda 'yan wasa ke zagayawa a da'ira suna bugun faffaɗan wandonsu ya ba da sauti kamar ganga. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sanya al'adun pencak silat cikin jerin al'adun ɗan Adam da aka gada, kuma silek yana cikinsu.