Daga ta biyu a aji na koma ta 31: in bar ajin kimiyya ne?

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni yarinya ce 'yar shekara 15, ina zango na uku a SS1, ajin kimiyya, a wata makarantar jeka-ka-dawo. Tun daga JSS1 har JSS3 ko ta biyu nake zuwa ko ta uku, kuma na fita da sakamako mai kyau a jarrabawar BECE ta kammala JSS3. Shi ya sa aka sa ni ajin kimiyya ba a ko tambaye ni ba. Ni ma ban ƙi ba, don Baba ya daɗe yana cewa likita zan zama.

Zangon da ya wuce na zo ta 31 cikin 58. Lissafi na ci 38, fiziks 34, kimistiri 41, bayoloji 63, Turanci 67. Wallahi ina karatu, Anti. Ina haddace duk abin da malami ya rubuta a allo kamar yadda na saba, amma da an canza lambobin tambaya sai kaina ya kulle. Na daina ɗaga hannu a aji, don waɗanda a da nake koya wa yanzu sun wuce ni. Ana tashinmu ƙarfe biyu, Islamiyya daga huɗu zuwa shida, sai girkin dare tunda ni ce babba. Bayan isha'i nakan karɓi wayar Umma da sunan karatu, in ɓige da hira da ƙawaye har sha ɗaya.

Na ɓoye takardar sakamakon, Baba bai gani ba. Wata ƙawata ta ce kada in damu, a SS3 akwai makarantun da ake yi wa ɗalibai “taimako”. Wata kuma ta ce in koma ajin adabi in huta. Ƙwaƙwalwata ce ta daina ja? In zauna ko in koma? Kuma yaya zan yi da Baba?

'Yarki, daga Katsina

Wa alaikumus salam 'yata,

Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, kuma makin da kika aiko su ne shaida. Yarinyar da ta ci 67 a Turanci da 63 a bayoloji tana cikin wannan damuwa, ba wanda zai ce basirarta ta tafi. Ki duba darussa ukun da suka faɗi: lissafi, fiziks, kimistiri. Dukkansu ana juya lamba a cikinsu. Saboda haka ciwon ɗaya ne, ya fito a wuri uku.

Ga yadda abin yake faruwa. A ƙaramar sakandare kimiyya darasi ɗaya ce, yawancinta ma'anoni da sunaye da zane, kuma mai ƙarfin hadda tana wucewa da ita cikin sauƙi. Ko lissafin ma, sau da yawa tambayar jarrabawa ita ce misalin da aka yi a aji, don haka hadda tana rufa asiri. Da aka zo SS1 sai kimiyya ta rabu uku, malamin fiziks da na kimistiri kuma suka ɗauka cewa kin iya lissafin JSS, ba za su tsaya koyar da shi ba. Hadda ta kai ki inda za ta iya kai ki. Ɗalibai masu ƙoƙari ne ma wannan faɗuwa ta fi gigitawa, domin ba su taɓa sanin akwai giɓi a ƙasansu ba.

Yau da dare ki ɗauki takarda, ban da kalkuleta, ki gwada waɗannan huɗu: 1/2 + 1/3, sai −3 − (−5), sai 0.4 ÷ 0.08; sannan a cikin v = u + at ki fitar da t ita kaɗai. Amsoshin su ne 5/6, da 2, da 5, da t = (v − u)/a. Idan a ta farko kin samu 2/5, kin haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ke nan lissafin kaso bai zauna ba. Idan a ta biyu kin samu −8, alamar ɗebewa ce ke yi miki wasa. Ta huɗun ita ce rabin fiziks na SS1. Wadda ba ta iya juya fomula ba dole ta haddace kowace fomula a siga uku ko huɗu, kuma ranar jarrabawa duk sai su cakuɗe. Kimistiri ma haka: za a ce an narka giram 4 na sinadarin NaOH an yi ruwa mai yawan 250 cm³, nawa ne ƙarfinsa? Nauyin mol ɗaya (ma'aunin yawan sinadari) na NaOH giram 40 ne, 4 ÷ 40 ya ba da 0.1, 250 cm³ kuma 0.25 dm³ ne, 0.1 ÷ 0.25 ya ba da 0.4. Kimistirin da ke cikin tambayar nan layi ɗaya ne, sauran duk rabawar lamba mai ɗigo ce ta ajin baya.

Gyaran yana cikin dogon hutun da ke tafe, kuma mako shida sun isa idan an riƙe su da gaske. Ki nemi littattafan lissafi na JSS1 zuwa JSS3, ko aro ne daga ƙanne ko maƙwabta. Kada ki ji kunyar komawa baya. Mako biyu na farko a kan kaso, lamba mai ɗigo da kashi cikin ɗari. Mako na uku a kan lambobi masu alamar ɗebewa da buɗe baka. Na huɗu da na biyar a kan warware x da juya fomula, nan za ki fi daɗewa, kuma ya cancanta. Na shida ki koma littafin SS1 ki sake bin indisis da logaridim, za ki ga sun yi laushi.

Yadda za ki zauna da littafin ya fi yawan awannin muhimmanci. Ki karanta misalin da aka warware, ki rufe shi da takarda, ki warware da kanki daga farko. Idan kin maƙale, ki leƙa layi ɗaya kawai ki sake rufewa. Bayan nan ki canza lambobin ki sake yi, sannan ki ɗauki tambayoyi goma daga aikin ƙarshen babi ki duba amsa a bayan littafi. Awa ɗaya bayan sallar asuba ta isa, kwana shida a mako. Ki ware wani ɗan littafi na kurakurai: duk tambayar da kika faɗi ki rubuta ta, ki rubuta a ƙasanta dalilin faɗuwar da kalmominki, misali “na manta canza alama da na tsallaka da lamba ɗaya gefen”. Ranar Asabar ki sake warware duk abin da ke cikinsa. Kwafe rubutun allo da kyakkyawan hannu yana sa mutum ya ji ya yi karatu, amma a waɗannan darussa uku ba ya ƙara maki. Fensir da takarda da kuskure da gyara su ne ke ƙarawa.

Yanzu zancen komawa ajin adabi. Ban yarda ki yanke wannan hukunci yanzu ba, domin tsoro ne zai yanke shi. Amma kuma ba shi da kyau a ja shi, saboda ƙofar tana rufewa. Makarantu suna tattara makin gwaje-gwajenki tun daga SS1 suna aika wa WAEC, kuma darussan da za ki yi rajista da su a SS3 su ne waɗanda kika bi a baya. Farkon SS2 ne lokaci na ƙarshe da sauyi yake da sauƙi. Don haka a ƙarshen hutu ki roƙi malamin lissafi da na fiziks takardun jarrabawar SS1 na baya, ki zauna ki amsa su da agogo a gabanki. A ma'aunin WAEC kiredit yana farawa daga 50, wato C6; 75 zuwa sama shi ne A1; ƙasa da 40 kuma F9. Idan 38 ɗinki ta haura 50, ki zauna inda kike, sauran zai biyo. Idan kin yi mako shidan tsakani da Allah kuma ba ta motsa ba, ko kuma kin gano cewa zuciyarki ta fi karkata ga shari'a ko aikin jarida ko harsuna, ki koma da ƙarfin gwiwa. Sai dai ki sani ajin adabi ba wurin hutu ba ne. Akwai littattafan adabin Turanci da za ki karanta baki ɗaya, mai son karatun lauya kuma dole ta ci kiredit a wannan darasi, ga karatun shekara guda da za ki cike. Lissafi ma yana nan, kowane aji yana rubuta shi.

Ki san kuma abin da likitanci yake nema, don ki auna da idonki. Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, jami'o'i da yawa kuma suna so a samu su a zama ɗaya. A JAMB darussa huɗu ne, Turanci da fiziks da kimistiri da bayoloji, jimillar maki 400, kuma gurbin likitanci yana cikin waɗanda aka fi rububi. Makarantun jinya da ungozoma ma kiredit biyar ɗin nan suke nema. Duk hanyar asibiti ta cikin lissafin nan take bi.

Shawarar ƙawarki ta “taimako” ki ajiye ta. Haramun ce, laifi ce a ƙarƙashin dokar satar jarrabawa ta Najeriya ta 1999, kuma WAEC da NECO suna riƙe sakamako ko su soke shi, wani lokaci na makaranta gaba ɗaya. Ko an tsira daga wannan, JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta bayan an ɗauki zanen yatsa, tambaya 180 cikin awa biyu, ba mai amsa miki. Shekarar farko a jami'a kuma fiziks da kimistirin nan ne suke jira. Giɓin da aka rufe da sata a SS3 a can yake buɗewa, lokacin da gyara ya fi tsada.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba ta 31 ba ce, daina ɗaga hannun ne. Kin girma da sunan “mai ƙoƙari”, sai ya zama tambaya tana miki kamar zubar da girma. Wannan ji zai iya cin shekara uku idan aka bar shi. Ki fara da ƙarami: ki rubuta tambaya ɗaya a takarda ki kai wa malami bayan darasi, kullum ɗaya. Ki je wurin ɗaya daga cikin waɗanda kika koya wa a da ki ce ta nuna miki juya fomula, ke ki taimaka mata da Turanci. Ku zama ku uku, kada ku wuce haka, in kun yi yawa hira za ta cinye zaman. Matambayi ba ya ɓata, 'yata.

Waya kuwa, ki mayar wa Umma da ƙarfe tara, ki gaya mata da bakinki kada ta ba ki bayan haka. Mai shekarunki tana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma. Wadda ta kwanta sha ɗaya ta tashi asuba ba za ta riƙe darasin farko ba. Ki roƙi Umma a raba aikin gida da ƙannenki, ko wanke-wanke da shara ne su ɗauka. Sannan abu biyu da ake yawan mantawa: idan rubutun allo yana miki dishi-dishi, a duba idonki, idan kuma al'adarki tana zuwa da yawa kina yawan jiri da kasala, a gwada jininki a asibiti, domin ƙarancin jini yana dushe hankalin karatu kuma yana da magani.

Baba kuma dole ne ya ga takardar nan cikin makon nan. Ɓoyewar za ta fi sakamakon ɓata masa rai idan ya ji daga bakin malami. Ki fara nuna wa Umma, ku zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki durƙusa ki miƙa masa takarda biyu: sakamakon, da jadawalin mako shidan da kika rubuta da hannunki. Ki ce masa, “Baba, na faɗi, na kuma ɓoye saboda tsoro, ka yafe min. Na gano inda matsalar take, ga abin da zan yi, ina neman littattafai da addu'arka.” Zai iya yin faɗa, ki haƙura ki saurara. Kada ki ɗauki alkawarin likitanci a wannan zama, kada kuma ki kawo zancen barin aji. Ki nemi ya ba ki zuwa ƙarshen hutu, ku sake zama da sabon maki a hannu. Idan akwai hali, ya sa miki malamin lesin na lissafi sau biyu a mako, amma a gaya wa malamin a fili cewa daga littafin JSS zai fara.

Ki sake rubuto min a makon farko na SS2, ki gaya min abin da kika ci a takardun gwajin, da kuma irin kuskuren da ya fi yawa a ɗan littafin nan naki.

Antinki