Abin da mai tace fim yake yi wa labari

Ka gaya mini cewa abokinka da ke karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya ce malamansu suna raba fim gida uku, labari da salo da tsari. Ka ce, "Oga, mu da muke zaune gaban kwamfuta muna jera abin da darakta ya ɗauko, ina ruwanmu da wannan?" To, ɗana, ruwanmu ya fi na kowa. Su malaman suna zuwa ne bayan an gama aiki su sa wa abubuwa suna. Abin da suke sa wa sunan kuwa a hannunka yake faruwa.

Labari shi ne abin da ya auku, daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda za ka ba alƙali. Tsari shi ne yadda aka jera shi: me mai kallo zai sani, kuma yaushe. Bari in nuna maka da fim ɗin da ke gabanmu. Miji ya rubuta takardar saki ya ninke ya sa a aljihun rigarsa. Ya shigo gida, matar ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo shayi, tana ba shi labarin kuɗin makarantar yara. Sannan ya miƙa mata takardar. Idan ka ɓoye rubuta takardar, mai kallo zai zauna minti uku yana kallon mace tana zuba shayi, ya gaji, ya duba wayarsa, daga baya ya ɗan firgita na daƙiƙa goma. Amma sa rubutun takardar a gaba. Yanzu kowane cokalin sukari da ta zuba ciwo ne a ran mai kallo, domin ya san abin da ba ta sani ba. Da ta ce, "Kawo rigar nan in haɗa da wanki," ta miƙa hannu wajen aljihun, sai ka ji matan da ke kallo a tsakar gida sun ce "Wayyo!" Ba a ƙara kalma ɗaya a rubutun marubuci ba, ba a sake ɗaukar komai ba. Sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, kawai ka ɗaga ka kai gaba.

Ba kullum ne sanar da mai kallo ya fi ba. Akwai labarin da ƙarfinsa yana cikin ɓoyewa, inda ake so mu tsaya a inda matar ta tsaya, abin ya faɗo mana tare da ita. Shi ya sa kafin ka taɓa linzamin kwamfuta ka tambayi darakta: sin ɗin nan na wane ne? Da idon wa muke kallo? In ya kasa amsawa, ku zauna ku warware, don in ba haka ba yankan zai riƙa yawo tsakanin mutum biyu ba tare da ya zauna kan kowa ba.

Salo kuma shi ne kayan aikin da kansu: nisan kyamara, haske, sauti, da tsawon da ka bar hoto kafin ka yanke. Sama da shekara ɗari da suka wuce wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar guda ce. Har yau ana koyar da wannan a ajin fim. Mu kuwa kullum muna yin sa. Muna aiki da hoto 25 a kowace daƙiƙa. Ka bar fuskar matar nan ta ƙara hoto 12 bayan ta karanta takardar, wato kusan rabin daƙiƙa, za a ga mace da ta haɗiye kuka. Ka yanke da wuri, za a ga kamar ba ta damu ba. 'Yar wasan ta yi nata, amma kai ne ka zaɓi wace irin mace za a gani.

Nan ne nake faɗa da yaran yanzu a kan kiɗa. Da an ga hawaye sai a danna kiɗan tausayi har ya rufe magana. Gani ya kori ji. In hoton ya yi aikinsa, bar ƙarar cokali a kofi da kukan akuya daga waje, sun ishe ka. Haka nan hoton sama da ake ɗauka da ƙaramin jirgi: gadar Kawo ga ta, titin Ahmadu Bello ga shi, mota ta zo, maigadi ya buɗe ƙofa, ta shiga, ya rufe, direba ya zagayo. Minti biyu sun tafi, ba abin da mai kallo ya ƙaru da shi sai cewa gidan yana da ƙofa. Na san dalilin, ana son kashi ya cika tsawon da aka yi alkawari. Amma ni ba na yarda a cika shi da ƙofar gida.

Sai ka lura kuma cewa inda za a kalli abu yana canza tsarinsa. Garin nan na Kaduna ya san talabijin tun 1962, kuma a nan ne Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja. Wasa irin wannan na mako-mako an gina shi ne a kan mutum wanda halinsa ba ya sauyawa. Ko ka yi wata guda ba ka kalla ba, ka dawo za ka tarar da shi yadda ka bar shi, da Hausarsa ta bariki, sabuwar rigima ce kawai. Ƙarfin yana ga murya da ɗan wasa, kyamara tana tsaye tana kallo. Fim na bidiyo da ya taso a Kano daga 1990 ya zo da wani abu dabam, labari mai farko da ƙarshe inda dole jarumi ya fita ba yadda ya shiga ba, daga baya kuma waƙa da rawa suka samu gindin zama saboda shekarun da mutanenmu suka yi suna kallon finafinan Indiya a sinima. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan, ka ce wa abokinka ya nemo maka. Ni abin da nake dubawa a waƙa ɗaya ne: bayan ta ƙare, akwai abin da ya sauya tsakanin mutanen biyu? In babu, talla ce aka saka a tsakiyar fim.

Yanzu kuma zamanin dogon zango ne, a Arewa24 da YouTube. Kowane kashi sai ya biya mai kallo wani abu, ya kuma bar masa bashin da zai dawo da shi mako mai zuwa. Yawanci a waya ake kallo, don haka hoton nesa da daddare ɓata ne, fuska ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Matso kusa, ka tsabtace magana.

Gobe da safe ka buɗe sin ɗin shayin nan ka yanka shi iri biyu, ɗaya da rubutun takardar a gaba, ɗaya a ɓoye, kada ka sa kiɗa a ko wanne. Ka kira mai gadi da yarinyar da ke kawo mana abinci su kalla, kai kuma ka zauna gefe ka kalli fuskokinsu, ka rubuta daidai daƙiƙar da idonsu ya bar allo. Da azahar sai mu duba tare.