Shin lambar NAFDAC ta cancanci wahalar?

Hajiya, kin ce kina yin yaji da ƙuli-ƙuli a Tudun Wada, ciniki na tafiya, to me zai sa ki kashe kuɗi neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna?

Ni ma haka na ɗauka da farko. Maƙwabta da 'yan biki ba ruwansu da lamba, sun san hannunki. Amma ranar da na kai kayana wani babban shago a Barnawa, manajan ko buɗe robar bai yi ba, juya ta kawai ya yi yana neman lamba da ranar lalacewa. Haka na dawo da kwalina. Manyan shaguna da otal-otal duk haka suke, kuma a wurinsu ake samun ciniki mai kauri.

Ki fara da rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ki cike takardun NAFDAC ta intanet. Za su zo duba wurin aikinki, su gwada samfurin kayan, suna da ɗakin gwaji a nan Kaduna. Ki ware wa sana'ar wurinta, kada ta haɗu da girkin gida. Masu taya ki aiki su yi gwajin lafiya.

Gyaɗa ce abin lura. Wadda ta sha danshi tana yin fumfuna mai guba, suya ba ta kawar da gubar, kuma gwaji zai tona.

Kada ki ari lambar kowa, kowane kaya da tasa. 'Yan "kawo in yi miki" kuwa, ki rabu da su. Ki je ofishin NAFDAC da kanki, ki tambayi kuɗin da abin da ake rubutawa a jikin leda kafin ki buga ta.