Mataji ne ko matsefi ko kum?

Wa alaikumus salam 'yata, na ga saƙonki kan lissafin lefen yayanki, wai a layin kayan kwalliya kin rasa me za ki rubuta, mataji ko matsefi ko kum, kuma ƙawarki ta ce duk abu ɗaya ne.

To mu dai da muka taso ba ɗaya ba ne. Mataji na taje gashi ne, mai haƙora, da j ake rubuta shi, amma in sun wuce ɗaya matazai ake cewa, z ɗin taza ce ta dawo wurinta, don Allah kar ki sa matajai irin yadda nake gani a Facebook, abin yana min ciwo wallahi. Wasu wuraren mashaci suke cewa, jam'insa mashatai, shi ma daidai ne. Shi kuwa matsefi, wasu su ce matsefata, sunansa ma ya faɗi aikinsa, na tsifa ne, in kitso ya tsufa da shi ake kwance shi jela jela kafin a wanke kai a zo ga taza. Yanzu mutane sun haɗe su kowanne a kira shi matsefi, ba zan ce laifi ba ne amma gara ki san bambancin.

Kin manta kibiya, kuma ita ce uwar tafiya. Makitsiya za ta zauna kan kujera 'yar tsuguno, kanki a cinyarta, ta lakato man shanu ko na kaɗanya ta ajiye a bayan hannunta, da kibiyar nan take tsaga, in ta ja layi ta soke ta a nata gashin ta ci gaba da kitso, shuku ne ko zanen yawo ko doka.

Kum aro ne daga Turanci, a kasuwa ki faɗe shi ba komai, amma takardar da za a karanta gaban iyayen amarya mataji za ki sa.

Sannan sabo fil ake sakawa, amarya ba ta shiga ɗaki da matajin wata. Kuma gashin da ya maƙale a haƙoransa iyayenmu ba sa yarda a yar a tsakar gida, dunƙule shi ake a binne ko a tusa a ramin katanga, suna cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da shi ciwon kai ba zai bar ki ba, wannan camfi ne, amma ni har yau ina binnewa don ban son ganin gashi yana yawo kusa da tukunya.

Ki sa matazai biyu, babba da ƙarami, kibiya ɗaya, ki haɗa da tandun kwalli in za ki leƙa Kasuwar Kurmi. Ki gaida mamanki, Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar lafiya.