Ganyayyaki za su iya kashe tsutsar cikin kaji?

Kin tambaya ko 'ya'yan gwanda da tafarnuwa sun isa maganin tsutsa. Suna rage ta, amma ba sa ƙarar da ita. Ki shanya 'ya'yan gwanda a inuwa, ki niƙa, ki haɗa gram 10 a kilo 1 na abinci har kwana 5. Tafarnuwa kuwa kada ta wuce wannan awon, yawanta na iya rage musu jini.

Inda ake yin kuskure shi ne shimfiɗar ɗakin kaji: ƙwan tsutsa na watanni a jiƙaƙƙen kashi, kaji su sake tsattsagarsa. Ki kwashe, ki zuba busasshiya. Idan kin ga zawon jini, mai yiwuwa koksidiya ce, wata cutar hanji da ba tsutsa ke kawo ta ba; maganinta amfuroliyam za ki ba su nan take.